Famfon Tsohuwar Tarakta

Da hantsi aka zo kiran Mai Sawu, yana zaune a ƙofar gida yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi. Bakanike ne da kansa, ko sallamar kirki bai yi ba, idanunsa jajur.

"Baba, an kashe ni. An ɗauke famfon man taraktar nan. Karnukan ma babu su, duka biyun."

Mai Sawu ya rufe kwalbar man a hankali. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana bin sawun shanun sata da awakin da suka ɓata, kuma tun bara ya shaida wa kowa ya ajiye sanda, don ido ya fara hazo, ƙafa ta daina jin magana. Sai dai mutanen garin nan ba su san kalmar "na daina" ba.

"Yaushe abin ya faru?"

"Jiya. Na shiga birni da safe karɓo batir, na dawo da la'asar na tarar da teburi wayam."

"Jiya, amma sai yau ka zo? Mutum nawa suka taka rumfar tun jiyan?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Kowa da kowa, Baba."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu a ba shi sandarsa.

Babu wanda bai san taraktar nan ba. Ta yayan Bakanike ce, kuma ita ce ta kife da shi a gangaren gonarsu shekara tara da suka wuce, ko shurawa bai yi ba. Aka jawo ta da shanu aka yasar a bayan gida, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinta, kaji suka mayar da kujerarta wurin ƙwai. Da cuta ta kashe shanun noman dangin, Bakanike ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ya tashe ta. Shekara biyu yana kwance ta ƙusa-ƙusa, yana kankare tsatsa, yana walda. Famfon man kuwa, wanda shi ke tura wa injin abincinsa, an daina ƙera irinsa. Wata bakwai ya yi yana yawon garejin duniya kafin ya samu wani matacce, ya farfaɗo da shi. Ya ajiye shi a kan teburi, cike da mai, ya rage a ɗaura kawai. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gidaje uku sun zuba wa ƙarfen nan ido.

*

Rumfar cike take da jama'a, kowa na faɗar albarkacin bakinsa. A tsakiya an zaunar da Mai Gwangwan, wanda ke yawo da kura yana sayen tsofaffin ƙarafa. Rigarsa a yage, leɓensa a kumbure.

"Shi ne, Baba!" in ji wani. "An ga kurarsa a ƙofar nan jiya da rana."

"Wa ya dake shi?" in ji Mai Sawu.

Kowa ya shiga kallon ƙafarsa.

"To ku matsa. Kun riga kun cinye min sawu da ƙafafunku, kada ku cinye min iska kuma."

Taraktar na tsaye a tsakiyar rumfa, ta sha sabon jan fenti, gefen injinta da rami kamar bakin tsohon da aka cire wa haƙori. Teburin na da tabon mai, sai ƙyallen da aka rufe famfon da shi, an ninke shi tsaf an ajiye a gefe.

A bayan rumfar akwai shingen karnuka. Mai Sawu ya daɗe yana kallonsa, har dariya ta so kama shi. Waya ce hawa biyu, an ƙara mata tsawo da katako, an binne tsofaffin kwanon rufi a ƙasa, ga sarƙa, ga kwaɗo.

"Wannan kurkukun na karnuka ne ko na zakuna?"

"Baba, ba ka san su ba ne," in ji Bakanike. "Na ɗaure, su tsinke. Na yi shinge, su haure. Na ƙara tsawo, su haƙa. Yau suna mahauta, gobe suna juji, jibi a kawo min ƙara. Na gaji da su wallahi, don dai gadin rumfa ne."

Kwaɗon na nan a kulle. A kusurwar da kwano ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, akwai sabon rami, ƙasar da aka watso tana ciki. Ba a sace karnuka ba, su suka fitar da kansu.

Da ƙyar Mai Sawu ya durƙusa a bakin ƙaramar ƙofar bayan rumfar, inda 'yan kallo ba su bi ba. Sawun silifa ne, irin na roba da rabin garin ke sawa, maza da mata. Na shigowa sama-sama. Na fita ya nutse, dama da hagu daidai wa daida, taku gajere. A kansa kuma sawun karnuka ne, suna sauri. Ya bi shi taku sittin har bakin titi, kwalta ta haɗiye komai.

Ya tsaya dafe da ƙugu yana kallon titin, gwiwarsa na zugi.

"Ka ga wani abu, Baba?"

"Na ga kwalta," in ji shi.

*

Ya sa aka ba Mai Gwangwan ruwa, ya ja shi inuwa su biyu.

"Me ya kawo ka jiya?"

"Tsofaffin kwanon tayar nan, Baba. Bakanike ne ya ce in zo in duba. Na yi sallama sau uku, shiru, karnukan kamar su cinye ni ta cikin waya, na juya kurata."

"Da wane lokaci?"

"Rana ba ta kai tsaka ba."

"Karnukan suna nan a lokacin ke nan."

"Suna nan, har baƙin karen ya kusa tsinke waya."

"Buɗe min kurar."

Babu komai sai ruɓaɓɓun tukwane da firam ɗin keke. Mai Sawu ya shinshina katakon, ya shafa ƙasan kurar. Babu ɗigon mai ko ɗaya. Ya dubi ƙafar mutumin: wani ƙaton takalmin taya ne, ɗaya ya fi ɗaya cinyewa.

"Baba, ni ƙarfe nake saye a kan sikeli. Da na ɗauka ma, me zan yi da shi? Amma su wa za su ji? Duk abin da ya ɓata a garin nan, ko allura ce, ni ne. Sun ce in ba a gan shi ba zuwa gobe za su ƙone kurar su miƙa ni ga hukuma."

"Ba wanda zai taɓa kurarka. Tafi gidana ka zauna, ka ce ni na aiko ka."

*

Mai Kaji, maƙwabcin Bakanike ta yamma, bai jira a tambaye shi ba.

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Na ce in karnukan nan suka sake shigo min sai na ba su guba. Kaza goma sha ɗaya, Baba! Mutum ya zauna yana lallashin mataccen ƙarfe, ya kasa riƙe kare biyu."

"An ce shekaranjiya ka sayi maganin ɓera."

"Na saya. Ɓera ya dame ni, ko shi ma sai na nemi izini?"

"Kawo in gani."

Ya shiga yana ƙunƙuni, ya fito da ƙullin. An farke shi, an taɓa kaɗan. Mai Sawu ya zagaya bayan akurkin ya samu ɓeraye biyu a sanƙare, babu sawun kare sabo ko ɗaya. Ya sa Mai Kaji ya ɗauko buhun dusa daga ɗaki zuwa akurki, wai yana so ya ga irin dusar. Mutumin ya rungumo buhun a ƙugunsa na dama, yana tafe a karkace.

"To ka gani, dusa ce. Ko ita ma ta sata ce?"

"Dusa ce mai kyau," in ji Mai Sawu, idonsa na ƙasa.

"In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu, Baba. Kai ma jiya ina kake?"

"Ina kwance ina jinyar ƙafa, kuma da ka bar ni da na fi son can."

*

Saura Dogo, ɗan marigayi, wanda shi ne zai tuƙa taraktar. Mutum ne ɗan shekara ashirin da biyar, ya yi karen mota, ya yi direba, ya dawo gida don wannan aikin. Wasu na raɗa cewa ya taɓa ce wa baffansa a sayar da ita a sayi mota.

Mai Sawu ya same shi a gidan mahaifiyarsa, can ƙarshen layi. Uwar tela ce. Tana zaune a ɗakin gaba a kan kekenta, ƙasan ɗakin duk guntayen zare da ƙyalle, ga rediyo an ƙure shi kamar gidan kurame.

"Sannu da aiki, Maman Dogo."

"Sannu, Baba. Ya ƙafa?" Ta kawo masa ruwa ta koma kan keke, ba ta rage rediyon ba.

Suka fita waje da Dogo don su ji juna.

"Na faɗa a da, Baba, ban musa ba. Amma tun ranar da na ga Baffa ya kwana uku a kan gyaran giyarta kaɗai na yi shiru. Yanzu ni na fi shi ƙaguwa. Jiya tun safe ina gona ina cire kututture, mutum huɗu ne shaidata."

"Ba ka jin tsoronta?"

"Ƙarfe ne, Baba. Kwana ne ya ƙare."

Mai Sawu ya koma gida rana na faɗuwa, bai riƙe komai ba sai ciwon baya. Matarsa ta tambaye shi labari, ya ce da ita tsufa bai yi ba. A da, in ya ga sawu sau ɗaya, yakan ga mai shi tsaye a gabansa. Yau ya ga sawu sarai, amma mai shi ya ƙi fitowa, ko kuma shi ne ba ya son ya gan shi.

*

Washegari da sassafe Bakanike ya aiko: baƙin karen ya dawo.

Ya same shi kwance a gindin shinge, Bakanike na tsaye nesa da sarƙa a hannu.

"Kada ka matsa, Baba, cizo yake. Ni kaina sai da dabara nake sa masa sarƙa."

"Ba ka shafa shi?"

"In shafa shi? In rasa yatsa?"

Mai Sawu ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ƙi kallon karen, yana ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Ya daɗe a haka. Karen ya taso don kansa, ya shinshina sandar, ya kwanta kusa. Cikinsa a cike yake tam. Kare ya kwana biyu a ɓace, amma babu ƙaya a jikinsa, babu laka a ƙafarsa, babu yunwa a idonsa.

Sai iska ta kaɗo wani wari. Tsohon ya sunkuya. Bayan kunnuwan karen gashin ya manne, yana ƙyalli, warin man dizal na tashi. Wani ya sosa masa kunne da hannun da ya jiƙe da mai. A cikin maiƙon kuma wasu 'yan abubuwa sun liƙe. Ya sa farce a hankali ya ciro ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana, ya kanne ido. Guntun zare ne, shuɗi. Ya ciro wani, rawaya.

Ya daɗe zaune da zaren a tafin hannu.

"Waɗannan karnukan, a ina ka samo su?"

"'Ya'yan karyar marigayi ne. A gidan Yaya, matarsa, aka haife su, ita ta ba ni da na fara aikin nan. Me ya faru?"

"Tara min mutanen jiya. Su kaɗai, ban da 'yan kallo. Ka ce Maman Dogo ma ta zo."

*

Aka rufe ƙofar rumfa. Mai Gwangwan ya rakuɓe a bakin ƙofa, Mai Kaji ya harɗe hannu, Dogo ya jingina da tayar tarakta. Maman Dogo ta zauna a kan benci can gefe, ta juya wa taraktar baya.

"Ni dai na gaji, don haka ba zan ja zance ba," in ji Mai Sawu. "Wanda ya ɗauki famfon nan ta ƙofar baya ya shigo, da silifa. Mai Gwangwan takalmin taya yake sawa, kuma famfo cike da mai ba ya shiga kura ya fita bai bar ɗigo ba. Waɗanda suka fasa masa baki su je su ba shi haƙuri. Kai kuma Mai Kaji, bakinka ya fi hannunka kaifi. Ka ɗauki kaya a gabana, a ƙugu kake ɗauka, ƙafarka ɗaya ta fi nutsewa. Haka yawancinmu maza muke yi. Wanda ya fita ta ƙofar nan kuwa ƙafafunsa biyu daidai suka nutse. A ka ya ɗora kayan, kuma ya saba."

Babu wanda ya motsa.

"Ɓarawo ba ya ninke ƙyalle. Karnuka kuma ba korar sa suka yi ba, bin sa suka yi don suna son sa. Ya rasa yadda zai yi da su, ya kulle su a ɗaki, ya ciyar da su, ya ƙure rediyo don kada a ji kukansu."

Ya buɗe tafin hannunsa, ya miƙa shi wajen benci. Bai ambaci kowa ba.

Baƙin karen, da aka ɗaure a jikin turke, tuni ya miƙe iya tsawon sarƙarsa wajen bencin, yana kaɗa wutsiya yana kuka ƙasa-ƙasa.

Maman Dogo ta dubi zaren, ta dubi karen. Ta gyara mayafinta.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Famfon yana ƙarƙashin gadona, cikin daro. Ko ƙwarzane bai yi ba. Na kai shi bakin rijiya, na kasa sakewa."

"Yaya!" in ji Bakanike. "Ke? Shekara biyu kina ganina..."

"Shekara biyu ina ganinka, ƙwarai. Duk ƙusar da ka ɗaura a ƙirjina ka ɗaura ta. Kai kana birni ranar da ta kife da yayanka. Ni na kai masa abinci gona, ni na fara isa. Ni na ga abin da ke ƙarƙashin ƙarfen nan." Ta nuna taraktar da babban yatsa ta bayan kafaɗa, ba ta waiwaya ba. "Ka shafa mata fenti kamar amarya, ka ce ɗana zai hau. Wa ya tambaye ni? Kun zauna ku maza kun yanke, aka aiko min da labari kamar sanarwar rediyo."

"Inna, da kin faɗa min," in ji Dogo.

"Na faɗa maka sau nawa? Ka ce kwana ne. Na sani kwana ne. Amma ɗaya gare ni."

Ta juya ga Mai Gwangwan. "Kai ne abin da ya hana ni barci. Da na ji an dake ka, na ɗauko daron sau biyu zan kawo, ƙafata ta ƙi. Ka yafe ni."

Mai Gwangwan ya taɓa leɓensa, ya kau da kai. "Allah ya yafe mu duka, Inna. Amma da zafi."

Bakanike ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai.

"In ba a yi huɗa ba bana, Yaya, gida uku me za su ci? Har da naki."

"Na sani. Shi ya sa ban saki ba."

Dukansu suka juyo suna kallon Mai Sawu, kamar shi zai raba. Ya dafa sanda ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ni sawu aka ce in bi, na bi. Abin da ya rage na gida ne. Sai dai abin da aka faɗa a rumfar nan ya mutu a rumfar nan. In an tambaye ku, ku ce an samu famfo, kuma ba Mai Gwangwan ba ne. Mai Kaji, da kai nake."

"Ni me na ce?" in ji Mai Kaji.

*

Kwana huɗu Bakanike ya ƙara. Ya yanko bututun ƙarfe masu kauri ya yi wa kujerar direba kariya mai kamar baka ta sama, ya haɗa ta da gangar jiki da walda, ya sake birki gaba ɗaya. Ya aika a kira matar yayansa ta zo ta gani, ta ce ta ji. Shingen karnuka kuwa ya kwance shi, ya sayar wa Mai Gwangwan da wayar da kwanon, ya ce karnukan su zauna inda suka ga dama, ya gaji.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Ranar Laraba duk garin ya ji tarin injin, ya yi tari uku ya kama, yara suka bi shi da gudu har gona. Mai Sawu bai je ba.

Sai bayan kwana shida, da aka gama huɗa, hanya ta bi da shi ta gefen gonar. Ƙasa ta juye baƙa ƙirin, kunya-kunya a miƙe har ƙarshen fili. Amma daga inda gangare ya fara, garma ba ta taɓa ko taku ɗaya ba, ciyawa na nan tsaye.

A daidai wannan iyakar ya ga sawu. Silifa biyu ne a jere, suna fuskantar fili, sun nutse cikin laka har sun yi rami, irin nutsewar uwar da ta tsaya wuri ɗaya tun safe har yamma, ta dawo gobe ta sake sa ƙafa a inda ta cire ta. Dama da hagunsu ciyawa ta kwanta, inda karnuka biyu suka yi ta jira. Tayar taraktar ta zo har taku uku a gabansu, ta yi kwana ta koma, sau ba adadi.

Mai Sawu ya tsaya yana kallo har ƙafarsa ta fara zugi. Sannan ya zagaya ta nesa, don kada ya taka, ya kama hanyar gida.